ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: WA YA KARYA MANA ƘAFAR?

Jama'a, tun kaka da kakanni Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Ma'anar maganar a fili take, watau ɗan'uwan da ba ka takawa ka je ka gan shi, ko ciki ɗaya kuka fito, sannu a hankali zai zama bare. Abin da za mu faɗa a makon nan shi ne, masu mulkin ƙasar nan sun karya wa talakan Arewa wannan ƙafa, sun karya ta wuri biyu, sa'an nan sun koma gefe suna yi masa faɗa wai 'yan zamani sun yar da zumunci. Za mu nuna inda aka karya ta, da shekarar da aka karya, da hannun da ya karya, don kada gobe wani mai babbar riga ya tsaya gaban jama'a ya ce ƙaddara ce.

Duk wanda ya san Dakata da Kawaji da Sauna da Gama da Tudun Murtala ya san yawancin mutanen unguwannin nan zuwa iyayensu suka yi. Daga ƙasar Katsina da Zazzau da Zamfara da Haɗejiya suka taho, har da Maraɗi da Damagaram, kuma jiniyar kamfanonin Bompai ce ta kira su. Daga baya aka buɗe Sharaɗa, aka buɗe Challawa, ga masaƙu, ga majemu, ga masu matsar man gyaɗa, ga masu yin alewa da robobi da kwanuka. Lebura yana da albashi ƙarshen wata, yana kuma da lifi sau ɗaya a shekara. Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuli sai ya ɗauki lifinsa, ya sayi turmin atamfa da sabulu da sukari da gishiri, ya kwashi iyali su nufi tasha. Yau su kwana gidan kawu, gobe gidan goggo, jibi gidan abokin da suka yi ƙuruciya tare, har su dangana da mahaifa.

Kada wani ya ɗauka yawon shan iska ne. Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga noma ana bukatar kuɗin ƙwadago. A daidai wannan marra ɗan birni yakan sauka da 'yan kuɗinsa, ya cike gurbi. Idan kaka ta yi, sai ka ga buhun masara da na dawa, da daddawa da kuka da man shanu, sun iso Dakata daga ƙauye. Birni ya tallafi ƙauye da damina, ƙauye ya tallafi birni da rani. A wannan tafiya ake sasanta rigimar gado, ake nemo wa yarinya miji na gari, ake ɗauko yaro a kawo shi birni koyon sana'a, jikoki kuma su san fuskar kakanninsu. Wannan shi ne baitulmalin talaka, kuma ba gwamnati ce ta kafa masa ba.

Karaya ta fari ita ce ta albashi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan da aka yi wa laƙabi da SAP, aka karya darajar naira, kayan gyaran inji suka gagari masu masana'antu. A 1997, zamanin Janar Abacha, aka ɗage hanin shigo da yadi daga waje. A cikin shekara 16 na jam'iyyar lema, daga 1999 zuwa 2015, masaƙun Arewa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kaduna Textiles, wadda Sardauna ya kafa a 1957, ta rufe a 2002. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta kulle ƙofa a 2007. Masaƙar Gusau ta mutu, manyan masaƙun Kano suka bi sahu, Kantin Kwari ya cika da yadin ƙasar Sin. A 2013 aka sayar da kamfanonin lantarki wai don wuta ta zauna. Jam'iyyar tsintsiya ta karɓa a 2015 da alkawarin canji. A watan Yuni na 2020 aka yi bikin fara shimfiɗa bututun iskar gas mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, aka ce shi zai ta da masana'antu, amma shekarar 2024 ta zo ta shige ba a kunna ko inji ɗaya da shi a Challawa ba. Abin da ya iso kuwa a watan Afrilu na 2024 shi ne ƙarin kuɗin wuta, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 ko wane awo, ga rukunin da masana'antu da yawa suke ciki. Ku zaga Bompai da ƙafa ku gani. Wasu kamfanoni suna nan suna fama, Allah ya ƙara musu ƙarfi, amma da yawa sun zama rumbunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje, maigadi ɗaya a ƙofar da da ɗaruruwa ke shiga. 'Ya'yan leburorin da ke tafiya gida da turmin atamfa, yau su ne ke jan a-daidaita-sahu ta wani, ko aikin kwantiragi na yini, babu lifi, babu sallama.

Karaya ta biyu ita ce ta hanya, kuma wannan da idona na gani. A farkon Agusta na 2025 na ari tsohuwar mota wurin wani amini, na ɗauki mai ɗakina da yara biyu, da niyyar mu zaga dangi da abokai kamar yadda mahaifinmu ya saba yi da mu. Mun shirya gida tara, daga Zariya zuwa Kaduna, mu dawo mu bi Funtuwa da Gusau, sa'an nan Malumfashi da Katsina da Jibiya, mu ƙare a Maraɗi. Gida biyar muka samu shiga.

Mu fara da lissafi, don shi ne sana'ata. Zagayen da muka yi ya kai kilomita wajen 800, mota ta sha mai kamar lita 80. A farkon 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, watau naira 16,000 ta isa, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000. Ran 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500, a Oktoba na 2024 ta haura 1,000. Mu mun saya wajen naira 900, watau naira 72,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa hannu a kansa a Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ashe ƙarin albashin da aka yi ta buga masa ganga, ga ma'anarsa: da rabin wata kake yi wa mai aiki ka ga danginka, a 2025 kuwa wata guda cur, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka riƙe wa goggo ko sabulu ɗaya ba.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ma ɓoye ta don ta yi wa abokan hamayya daɗi: hanyar Kano zuwa Zariya ta yi kyau. Ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari mota ke tafiya sumul. Amma a tuna a Disamba na 2017 aka ba da kwangilar hanyar nan mai kilomita 375 daga Abuja zuwa Kano, aka ce shekara uku, sai ga shi a Nuwamba na 2024 ana soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba a gama ba. Shekarun da aka yi ana karkatar da motoci hannu ɗaya, rayuka nawa suka salwanta? Wanda ya biya bashi bayan shekara bakwai ba ya neman a yi masa guɗa.

A Wusasa muka fara sauka, gidan wani abokina Kirista wanda muka yi makarantar mishan tare, yanzu malamin makaranta ne. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarmar salla kafin ta kawo ruwa. Da hira ta yi hira ya ce mini shekara huɗu ke nan bai kai 'ya'yansa garin mahaifiyarsa a ƙasar Giwa ba, don tsoron masu ɗauke mutane. Ku lura, jama'a. Lokacin zaɓe ana zuwa masallaci a ce mana su ne abokan gaba, a je coci a ce musu mu ne. Amma mai bindigar da ke tare hanya ba ya tambayar alƙiblar kowa, lambar wayar mai biyan fansa yake tambaya.

A Kaduna muka kwana Kakuri, wurin kawuna, wanda ya ba ɗaya daga masaƙun unguwar shekara 24 na ƙuruciyarsa. Da shi ne mai zuwa mana Kano da yadi. Na tarar da shi yana tsaron teburin goro da ashana. Na ce, "Kawu, yaushe rabonka da gida?" Ya ce, "Ɗana, da wane hannu zan shiga? Mutumin da aka saba gani da kaya, in ya zo hannu rabbana, ko ba a ce komai ba ya ji." Kun ji yadda talauci ke yanka zumunci. Kunya ce ke fara tsare mutum, tun kafin ɗan fashi ya tsare shi.

Daga nan muka dawo Zariya muka ɗauki hanyar Funtuwa. Gida na uku a lissafinmu ƙauyen baffana ne a ƙasar Faskari, amma ba mu je ba, don ƙauyen ne ya zo ya same mu. Baffa da matansa biyu da jikoki suna zaune a wani kango a bayan garin Funtuwa, an rufe tagogi da buhu. Manomin da ke aiko mana da masara ko wace kaka, shi na auna wa kwano biyar a kasuwa. Ya ce waɗanda suka rage a can sai sun tara wa 'yan daji kuɗi kafin su yi shuka, su kuma tara kafin su girbe. Kai jama'a! Tun daga 1950 NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta fama a kan zaluncin haraji da jangali, mutane suka sha bulala da ɗauri. A 1979 Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano, Balarabe Musa ya soke a Jihar Kaduna, wadda Funtuwa ke cikinta a lokacin. Yau ga haraji ya dawo, mai karɓa ba ya ba da rasit, ba shi da alkali, ba a ɗaukaka ƙara. Gwamnatin da wani ke karɓar haraji a ƙasarta da bakin bindiga, da wane baki za ta kira kanta gwamnati?

Gusau kuwa yayata ce da kanta ta hana. Ta bugo waya ta ce, "Auta, na yafe maka zuwan nan. Kada ka biyo mini Sheme da 'Yankara da Tsafe da yara. In aka ɗauke ku, gidan wa za mu sayar?" Shekara uku ke nan ba mu ga juna ba, tsakaninmu a ranar tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Tun 1929 Turawa suka kai dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Don kwasar auduga da gyaɗa suka yi shi, ba don son mu ba, amma kakanninmu sun hau sun ga danginsu. 'Yan ƙasa suka karɓa, dogon ya yi shekaru da yawa ba a ji kukan jirgin fasinja a kansa ba. Abin kunya ne a ce mai mulkin mallaka ya fi ɗan ƙasa sada mu da 'yan'uwanmu.

Daga Funtuwa muka bi ta Bakori, ƙasar da a Fabrairu na 2025 aka shiga har gida aka ɗauke Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, ya yi kusan wata biyu a daji. Muka yini Malumfashi gidan surukaina, suka kore mu tun la'asar ba ta yi ba, don kada dare ya yi mana a hanya. Mun dawo Kano da 'yan kwanaki, ran 19 ga Agusta, aka bude wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, a ƙasar Malumfashin nan. Wannan ba sabon abu ba ne. A Disamba na 2020 an kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairu na 2021 an kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. A 2024 an tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hanyar Sabon Birni, ya rasu a hannunsu. In janar bai tsira a ɗakinsa ba, sarki bai tsira a motarsa ba, ina labarin lebura mai yara biyu a motar aro?

Wani zai ce to babu masu tsaro a hanya ne? Akwai su birjik. Tsakanin Katsina da Jibiya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, shinge bayan shinge, ko wane da irin kakinsa. Ba wanda ya tambaye mu ko lafiya. "Malam, me ka riƙo mana?" shi ne gaisuwar. Ƙaramin buhun shinkafa 'yar gida da muka ɗauko wa goggo sai da aka kwance shi sau uku. Inda ake neman su, can cikin ƙauyuka, babu su, har a 2025 mutanen Jibiya da Batsari da Safana suka zauna sulhu da 'yan bindiga, waɗanda suka zo wurin taron da makamansu a kafaɗa. Talaka ya nemi lafiya wurin wanda ya kashe masa ɗa, don wanda ya rantse zai tsare shi yana bakin kwalta yana kwance buhu.

A Jibiya tafiya ta ƙare, gidan wani ɗan goggo. Goggon kanta tana Maraɗi, tafiyar awa guda, amma guzuri ya ƙare. A 2014 jika guda ta sefa ba ta kai naira 400 ba, a 2025 ta haura naira 2,000. Shinkafar muka ba wani direba ya kai mata. Kowa ya san Katsinawa ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkinta, kuma Ingila da Faransa ne suka ja layi tsakanin wa da ƙane. Amma masu mulkinmu sun riƙe layin nan fiye da waɗanda suka ja shi. An rufe iyaka a Agusta na 2019 har Disamba na 2020. Da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa, aka yanke musu lantarki, har ana maganar yaƙi, sai Maris na 2024 aka buɗe. A watannin nan an yi biki, an yi suna, an yi jana'iza, uwa tana wannan gefe 'ya tana wancan. Dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu na 2021, ranar da muka tsaya Jibiya babu jirgin da za mu hau a kansa.

To, me suke cewa? Na fari suna cewa ai akwai waya, a gaisa ta waya. Waya ba ta ɗaukar buhun masara, ba ta wanke gawa, ba ta riƙe hannun marar lafiya. Kuma su ɗin nan ne a Satumba na 2021 suka yanke layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato, mutane suka yi makonni ba su san ko danginsu na raye ba. Na biyu suna cewa a yi haƙuri, babu kuɗi. Amma a 2023 an sami kuɗin saya wa 'yan majalisar tarayya motocin alfarma, a Agusta na 2024 an sami na sabon jirgin saman shugaban ƙasa. Na uku suna cewa a koma ga Allah, a yi addu'a. Muna yi, ba mu fasa ba. Amma addinin da ya umurce mu da sada zumunci shi ne ya ce za a tambayi shugaba abin da aka ba shi kiwo. Mai shiga jirgi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka Abuja cikin awa guda bai san ramin hanya ba, bai san shinge ba. Da hanyar Kaduna ta gagare su sai suka koma jirgin ƙasa, ran 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ma. Ba su gyara daji ba, sama suka ƙara yi. Wanda bai sha zafin rana ba, ba shi zai gaya mana daɗin inuwa ba.

Saboda haka jam'iyyarmu tana neman abu huɗu, kuma ba roƙo muke yi ba, hakki ne. Na ɗaya, a ba masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa wuta tsayayya a farashin da za su iya, a kuma biya tsofaffin ma'aikatan masaƙu hakkinsu tun suna raye. Na biyu, a kwashe shingayen karɓar na goro daga bakin kwalta, a kai masu kakin inda ake kashe mutane, a kuma faɗa wa jama'a a rubuce abin da ake yi da kuɗin tsaro. Na uku, a ta da dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda, a sa jirgin talaka mai araha, jihohi kuma su zuba motocin haya masu rahusa lokacin hutu da salla daga kuɗin tallafin da aka ce ya koma hannunsu. Na huɗu, kada a sake rufe iyakar Nijar don rigimar manya.

Ku kuma 'yan'uwa talakawa, kada ku bari a sa ku zargin juna. Ɗan'uwanka da bai zo suna ba, kafin ka ce girman kai ne, tambayi kuɗin mota. Wanda ya sami hali ya tafi, a haɗa kai gida biyu ko uku, a tashi da hantsi, a sauka kafin la'asar, a riƙa tambayar direbobin tasha labarin hanya. Wanda ya dawo ya biyo ofishin reshe a Dakata ya faɗa mana shinge nawa ya wuce, nawa aka karɓa, gida nawa ya kasa shiga, za mu rubuta mu buga. Sa'an nan kowa ya adana katin zaɓensa kamar yadda yake adana takardar gona. Ranar da masu neman ƙuri'a za su shigo Dakata da atamfar ƙasar Sin da taliya, ku tambaye su abu ɗaya tak: yaushe rabonku da bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba tare da rakiyar soja ba?

Allah ya ba talakawa sawaba. Haza wasalam.

Akawun Jam'iyya,
Reshen Dakata, Kano.